Kada Ka Kunna Data, Saifu

Fatakwal,
9 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Yayata Rakiyya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga bakin teku zuwa Gagarawa. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Hussaini da su Muhsina, da ɗaliban nan naki masu sa ki ciwon kai. Yaya ƙafar Baba? Yaya Gwaggo Zakiyya da hawan jininta? Ni lafiyata ƙalau, sai dai fuskar da wutar walda ta ƙara wa baƙi. Shekaranjiya jirginmu ya dawo daga kai kaya rijiyoyin mai, bayan mako huɗu ba sabis, ba labarin kowa. Kamar kullum na rubuta da hannu na ɗauki hoto, tunda Baba ya ce maganar waya ba ta shiga kunnensa. In kin je Ɗanzomo ki karanta masa.

Kin sha yi mini tsiya a kan manhajar nan ta jin waƙoƙi da nake biya duk wata, kina cewa rediyo ya ishi kowa. To yau zan kare kaina. A teku ba rediyo, Yaya. Kafin mu tashi nakan sauke karatu da waƙoƙi da shirye-shiryen hira, waɗanda suke kira fodkas, in yi ta ji har mu dawo. A jirgin duka ba mai jin Hausa sai ni. Wani lokacin sai in yi mako guda ba wanda ya ce mini sannu, sai dai in ji ta daga wayar.

A cikin shirye-shiryen akwai na wani mutumin Damagaram mai suna Manu. Kasuwa-kasuwa yake bi yana sayen tsofaffin kaset-kaset na makaɗan kan iyaka, yana kwafe su yana sawa a manhajar. Wata Talata da hantsi ina cin abinci a bayan jirgi, sai na ji ya ce, "Wannan Ɗalha Mai Kukuma ne na Ɗanzomo, a wani biki a Gumel, shekarar 1987." Cokali ya suɓuce daga hannuna. Baba ne, Yaya. Muryar ta fi ta yanzu siranta, amma gyaran muryar nan da yake yi kafin ya fara magana yana nan yadda kika san shi.

Amma ba wannan ne ya zaunar da ni rubutu ba. Ana cikin waƙa sai Baba ya tsayar da kukumar. Ki gafarce ni, zan rubuta sunan. Ya ce, "Kyauta 'yar Gagarawa, ɗaga murya mana, ba a jin ki!" Sai wata yarinya cikin 'yan amshi ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "To ai kai ka cika wurin." Daga nan har ƙarshe muryarta ce a sama. Inna ce, tun kafin a yi aurensu.

Ina da shekara tara ta rasu. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: na daɗe da manta muryarta. Fuskarta ina da ita saboda hoton nan na ɗakin Gwaggo. Amma in na rufe ido na ce bari in ji ta kira ni, sai in ji muryarki ko ta Gwaggo. Shekara ashirin ina jin kunyar wannan a raina. Yau ga ta minti goma sha ɗaya a aljihuna. Na yi kuka a bayan jirgin nan, har wani abokin aikina ya zo yana tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Na sa sunanki a cikin tsarina, na turo miki yadda za ki shiga. Ki saurara ke kaɗai tukuna, sannan ki kai wa Baba. Na san ya ajiye kiɗa tun dawowarsa daga Makka, amma wannan daban ne.

Barka da Sallah tun yanzu. Bana ma a nan zan yi ta, ta uku ke nan. Ki ci mini soyayyen nama, na gefen kitse.

Ƙaninki,
Saifuddeen

*

Gagarawa,
22 ga Yuni, 2024

Ɗan autanmu Saifu,

Wa alaikumus salam. Mun yi Sallah lafiya, an ci naka naman har da na gefen kitsen. Malam yana gaida kai. Muhsina ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana tuna hanyar gida. Ƙafar Baba da sauƙi, yana zuwa masallaci da sanda. Gwaggo tana shan maganinta in ta ga dama. Ruwa ya sauka sosai, an gama shuka.

Manhajar taka na shiga, kuma tunda gaskiya kake so, ga ta. Tana shan data kamar an huda tulu, caji kuwa kafin azahar ya tafi. Ranar da na je Maigatari wayar ta kama layin Nijar, komai ya tsaya cik. Amma na samu shirin wata malama kan koya wa yara haɗa baƙi, ya yi mini amfani a aji. Saboda haka na rage tsiyar da nake yi maka, ban dai janye ta duka ba.

Na saurari waƙar, Saifu. Na rufe ɗaki na kunna. Ni ina da shekara goma sha biyar lokacin, ban manta ba. Dariyar nan ita ce wadda take yi in ta kama mu muna satar ƙuli-ƙuli. Ranar ban iya yin tuwo ba, Malam ne ya sayo burodi.

Yanzu ka natsu ka ji. Ranar Asabar na bi ta Gumel na je Ɗanzomo. Bayan la'asar na samu Baba a zaure, na karanta masa wasiƙarka gwargwadon abin da bakina ya iya, sannan na kunna. Kukumar ba ta ja sau uku ba ya ce, "Kashe." Ban taɓa jin ya faɗi kalma da wannan muryar ba.

Kai kana yaro lokacin, ba lalle ka tuna ba. Da ya dawo daga Makka, da hannunsa ya karya kukumar a ƙofar gida. Sannan ya bi masu sayar da kaset na Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar ɗaya bayan ɗaya, ya tattaro duk wanda ya samu, ya ƙone su a bayan rumbu. Yana cewa ya yi wa 'yan caca kirari, ya yi wa mutanen kirki zambo, ya raba wasu da sallah, kuma ya tuba. Yana ganin ya share wurin.

Ya tambaye ni mutum nawa suke jin wannan abin. Na duba na ce sun haura dubu huɗu. Ya ce a wane gari? Na ce ko'ina a duniya, duk mai waya. Sai ya ce, "Ashe ina kwance a ɗakina ana ta rubuta mini."

Ga saƙonsa, yadda ya faɗa na rubuta: "Ki gaya wa Saifu, in dai ni na haife shi, ya nemo mutumin nan ya cire. Kada a bar ko ɗaya, ko a wayarsa, ko a taki."

Na san abin da wannan zai yi maka, domin ni ma shi yake yi mini. Amma ka ga fuskarsa ranar da sai ka tausaya. Ka ba ni amsa kafin ku koma ruwa.

Yayarka,
Rakiyya

*

Gagarawa,
3 ga Agusta, 2024

Saifuddeen,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Gero ya kai ƙugu, ɗana Siddiq ya yi zazzaɓi ya warke.

Mako shida ke nan. Na ga alamar ka karanta wasiƙata kafin ku tashi. Kun je kun dawo, ina ganin wayarka a kunne, na kira sau biyu ba ka ɗauka ba. In fushi kake yi da ni, ka faɗa, ni 'yar aike ce.

Duk Asabar in na sauka daga acaɓa, kafin in ajiye jaka Baba zai ce, "An cire?" In ce tukuna. Sai ya gyaɗa kai.

Abin ya iso gida, Saifu. Ranar kasuwar Sule Tankarkar wani mai shayi ya kunna ta a lasifika. Wasu dattawa suka gane muryar, suka zo har ƙofar gida da murnarsu suna kiran "Mai Kukuma! Mai Kukuma!" Su a ganinsu girmamawa ce. Tun ranar Baba ya daina zama a majalisa, daga masallaci sai ɗaki. Gwaggo ta ce rabin tuwonsa yake dawowa. Shekara goma sha takwas ana kiransa Alhaji Ɗalha, yanzu yana jin kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa.

Shekararsa saba'in da huɗu. Ba na son in rubuta abin da yake raina, ka san shi. Ka yi magana, ko da layi ɗaya ne.

Rakiyya

*

Fatakwal,
11 ga Agusta, 2024

Yaya Rakiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka, Allah ya ƙara wa Siddiq lafiya. Ni jikina lafiya. Ki yafe mini kiran da ban ɗauka ba, ba da ke nake ba.

Da Baba nake fushi, kuma tunda aka haife ni ban taɓa faɗar haka ba. An karanta masa cewa muryar Inna tana ciki. Ya ji na ce na manta muryar uwata, na same ta bayan shekara ashirin. Duk da haka ko tambaya bai yi ba, sai "a cire". Na yi ta juya wannan a teku. Na ce shi ya zauna da ita shekara goma sha shida, ya ƙoshi. Ni tara na samu, rabinsu ma ban san kaina ba.

Sai wasiƙarki ta biyu ta zo, na ga maganar rabin tuwon. Na ajiye fushin. Uwa ta tafi, uba yana nan, kuma shi ne yake ramewa.

Na samu Manu a waya. Mutumin kirki ne, Yaya. Da na gaya masa ko ni wane ne sai ya yi salati ya ce, "Wallahi ban san tsohon yana da rai ba. Dakor, na yarda, ɗan'uwa, in ba ya so ba za ta kwana ba." Na tambayi kaset ɗin. Ya ce a cikin buhu ya saye shi a Maigatari, duk ya yi fumfuna, yana gama kwafewa zaren ya tsinke, ya zubar. Wanda yake cikin na'urarsa ya goge muna kan waya. Saura na manhajar, ya ce jibi zai sauke shi.

Yanzu ne na gane abin da nake biya duk wata. Duk abin da mutum ya sauke a manhajar nan ba nasa ba ne, aro ne. Da zarar mai shi ya cire, ranar da wayarka ta ga data sai waƙar ta yi toka-toka, ta daina dannuwa. Ko ba ka kunna data ba, kwana talatin kawai suke bari, daga nan su kulle komai sai ka kunna. Taki za ta tafi cikin makon nan. Zakiyyu, wanda muke ɗaki ɗaya, ya ce in kunna a lasifika ya ɗauka mini da tasa wayar, wa zai sani? Na kusa yarda. Amma Baba ya ce ko ɗaya, kuma da sunan haihuwa ya roƙe ni.

Abu ɗaya na ɗauka wa kaina. Gobe Litinin da safe za mu tashi, kafin Manu ya sauke. A teku wayata a kan 'yar alamar jirgin saman nan take zama, ba ta ganin layi. Ke nan ina da Inna na kwana ashirin da takwas, ni kaɗai a duniya, ba mai ji sai ni. Ranar Litinin tara ga Satumba za mu sauka. Zan je ɗaki in yi alwala in yi mata addu'a, sannan in kunna datar da hannuna.

Wannan wasiƙar ki karanta masa duka, har da fushin. Ki ce na bi umarninsa, kuma ina neman afuwar kwanakin nan da na ƙara.

Ƙaninki,
Saifu

*

(A bayan ambulan, da manyan baƙaƙe: KADA KA KUNNA DATA. KA KARANTA WANNAN TUKUNA.)

Gagarawa,
Laraba, 21 ga Agusta, 2024

Saifu,

Kowa lafiya, Baba yana nan da ransa, kada gabanka ya faɗi. Wannan takarda ce ta gaske, domin in na turo ta waya, kafin ka gan ta abin da nake tsoro ya riga ya faru. Gobe kasuwar Maigatari. Cindo, direban tirelar shanun nan na unguwarmu, zai yi lodi zuwa Fatakwal. Ya ce ya san masaukinku, zai damƙa wa Zakiyyu, shi kuma ya tsaya maka a ƙofar tashar jirgi ranar da za ku sauka. Allah ya sa ta riga yatsanka.

Ni ce mai laifi, ba Baba ba.

Ranar da na karanta masa wasiƙarka ta farko, na tsallake. Daga inda ka ce Baba ne, na yi tsalle zuwa barka da Sallah. Bai ji maganar Inna ba, ko kalma ɗaya. Ka gaya mini, Saifu, ta yaya zan buɗe baki a gaban Baba in faɗi sunan Inna, in karanta masa yadda yake zolayarta a gaban jama'a suna saurayi da budurwa? Tun da aka kai ta bai taɓa ambatarta a gabanmu ba, mu ma ba mu taɓa ambatarta a gabansa ba. Da na iso wurin sai harshena ya yi nauyi. Na ce ai in na kunna zai ji da kunnensa, ba sai na faɗa ba. Shi kuma bai bari an kai wurin ba. Bayan nan duk Asabar sai in ce yau zan gaya masa, in koma ban faɗa ba. Na rubuta maka "gwargwadon abin da bakina ya iya", ina ganin za ka gane. Wauta ce tawa, ta yaya za ka gane?

Asabar ɗin da ta wuce na je da wasiƙarka. Ka ce duka, na karanta duka, kaina a ƙasa. Da na kai inda ka ce muryar Inna tana ciki, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Muryar wa?"

Na kasa. Gwaggo ce daga bakin ƙofa ta faɗi sunan. Daga nan na koma wasiƙar farko na karanta masa abin da na tsallake, har da dariyar, har da "kai ka cika wurin".

Ya ce, "Na bikin Gumel?" Na ce shi. Sai ya ce, "Shekara biyu na yi ina neman kaset ɗin nan bayan rasuwarta. Wannan ba don in ƙona ba."

Saifu, da ƙasa za ta tsage da na shige. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Tana cikin wayarki?" Na buɗe ta, ko da yake na san amsar tun ranar Laraba. Ta yi toka-toka. Na danna, na sake dannawa a gabansa kamar wata mara hankali.

Na gaya masa saura guda ɗaya a duniya, tana teku tare da kai, kuma ranar da ka sauka za ta tafi. Bai ce a kawo ba, ka san Baba, ba zai ce ba. Amma da safe, na hau acaɓa har mun ɗan yi gaba, sai na ji yana kirana. Ya tako da sandarsa har bakin hanya ya ce, "Mota kwana nawa take yi daga can?"

Na ƙirga kwanakinka da yatsu sau ba adadi. In kun sauka ranar Litinin, kana da Talata, kana da Laraba. Kada ka je ɗaki. Kada ka taɓa alamar jirgin nan, ko don ka kira ni. Ka wuce tasha da kayan aikinka yadda kake. In ka iso ka zage ni son ranka, zan tsaya in ji.

Ka yafe mini wata biyun da ka yi kana fushi da mutumin da bai san laifinsa ba.

Yayarka,
Rakiyya

*

Tashar mota, Fatakwal,
Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Yaya,

Sallama. Lafiya lau muka sauka. A kan gwiwata nake rubutu, da wayar Zakiyyu zan turo.

Takardarki ta same ni. Tun hantsi Zakiyyu yake tsaye a ƙofa cikin ruwan sama, ya ɗaga ambulan sama kamar mai jiran baƙon da bai sani ba. Duk abokan aikina sun kunna wayoyinsu tun muna hango tudu. Ni tawa tana aljihu yadda take. Na duba yanzu, Inna tana nan.

Ambulan ɗin yana warin shanu, na sha shinshina shi kafin in buɗe. Ki yi wa Cindo godiya.

Ba zan zage ki ba. Da ni aka ba karatun nan a zauren Baba, da tun daga layin farko zan gudu.

Motar Kano ta kusa cika, saura mutum biyu. Na kashe wayar gaba ɗaya don caji. In Allah ya yarda gobe da yamma ina Gumel. Ki ce wa Gwaggo miyar kuka nake so. Baba kuma kada ki ce masa komai, ki dai share zauren.

Saifu

*

Fatakwal,
28 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Yayata Rakiyya,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya tun shekaranjiya, jibi za mu koma ruwa. Ina gaida Malam da yara. Ki ce wa Muhsina ta ga dai ban manta hanya ba. Yajin da Gwaggo ta ƙulla mini ya fashe a jaka, duk kayana atishawa suke sa ni. Yaya Baba? Gwaggo ta ce mini kwanon yana dawowa wayam yanzu, Allah ya sa ya ɗore.

Sau biyu kika tambaye ni me ya faru a zauren, ina ce miki sai anjima. Ba rowa ba ce. Baki ne ya ƙi, irin naki. Ga shi a takarda.

Kin san yadda motarmu ta lalace bayan Lokoja, har sai ranar Laraba da hantsi na iso, ranar ƙarshe. Kin ga na sa wa Baba abin ji a kunnuwansa biyu, na ƙure ƙarar saboda kunnensa. Na ga lokacin da kika zaro wayarki daga jaka, kika dube shi, kika mayar. Ni ma na so ki ɗauki hotonsa, kuma na ji daɗi da ba ki ɗauka ba. Daga nan kuka wuce madafi ke da Gwaggo, ni kuma na fita na tsaya a bayan ƙofar zaure.

Ban leƙa ba. Amma na san waƙar kamar tafin hannuna, ina bin ta a zuciyata. Daidai inda dariyar take, sai na ji Baba ya yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba.

Da minti goma sha ɗayan suka cika ya kira ni. Gemunsa a jiƙe yake, bai goge ba. Na durƙusa na ce, "Baba, in maimaita?" Ya ce a'a. Na ce akwai sauran lokaci har yamma. Ya ce, "Sau ɗaya na roƙa, an ba ni." Sannan ya ce in nuna masa inda ake dannawa, shi ya fara abin nan, shi zai rufe.

Yatsansa ya yi kanta da fartanya, wayar ta ƙi jin sa. Sau uku yana dannawa. Sai da na kama yatsan da hannuna muka danna tare. Saƙonnin wata guda suka yi ta shigowa, wayar tana ta ƙara, mu kuma muna kallon wuri ɗaya. Ba a daɗe ba ta yi toka-toka. Ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya ɗora hannunsa a kaina ya bar shi a nan. Rabon da ya yi haka tun ina firamare.

Kin ce in gaya miki tsakani da Allah ko manhajar ta cancanci abin da nake ba ta. Na yi ta tunani a mota. Ita ta tona wa Baba abin da ya binne, ta hana shi cin tuwo wata biyu. Ita ce kuma ta kawo Inna har cikin teku ta same ni. Ta ba ni aro, ta karɓe. Ban soke ba, domin har yanzu a jirgin nan ba mai ce mini sannu. Amma na daina cewa ina da abu don yana cikinta.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ranar da zan taho kin riga kin koma Gagarawa. Baba ya ce zai raka ni bakin hanya, na hana, ya ƙi. Muna tsaye muna jiran acaɓar Gumel, yana kallon gonar Kawu Gwadabe, sai ya ce, kamar da geron yake magana:

"Abin nan naku bai nuna ba. Ranar zane kore ta ɗaura. Da aka tashi daga bikin na bi su har tasha, ni da nake cika wuri, na kasa ce mata ko sai an jima."

Sai ya juya ya kama hanyar gida, ko sallama bai tsaya mun yi ba.

Tun daga Gumel har Fatakwal nake riƙe da wannan, na ga bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba. Kore ne, Yaya.

Ƙaninki,
Saifuddeen